Man Jirgi a Soron Hajiya Mero

Saura kaɗan ban rubuta wannan labari ba, domin a cikin gari kowa ya san gidan kowa. Amma ya ƙi fita daga raina, to ga shi.

Yagana ta gaji da warin tun kafin ta gaji da tsoron. Wari ne mai kama da na fetur, sai dai ya fi shi kaifi, yana tsaya wa mutum a maƙogwaro. Daga soro yake tasowa, ya biyo ta ƙarƙashin ƙyaure ya shigo tsakar gida, ya kama shanya, ya kama gashin 'yarta Sa'ida. Idan rana ta take, jarkokin kan kumbura, su riƙa ɗan yin ƙara kamar ana taka busasshen kara. Duk ƙarar da suka yi, a ƙirjin Yagana take sauka.

Mijinta Gwadabe bakanike ne a Ƙofar Ruwa. A da motocin haya yake gyarawa. Daga baya hannunsa ya yi suna a wajen 'ya'yan masu hali, waɗanda ke fita wani fili a bayan gari ranar Asabar su yi wasan mota, taya na hayaƙi, jama'a na ihu. Babban abokin cinikinsa a cikinsu shi ne Umair, mai wata jar Marsandi tsohuwar yayi da aka sauya mata kayan ciki. Umair ne ya jiyo cewa idan aka zuba wa mota man ƙananan jiragen sama ba mai kamo ta. Ya samo wani mutum da ke kawo man a jarkoki, ya ce Gwadabe ya ajiye, ya riƙa gaurayawa da fetur duk ranar wasa.

Gwadabe ya kawo su gida, ya jera a soro, bayan ƙyaure.

Gidan na mahaifiyarsa ne, Hajiya Mero, tsohon ginin ƙasa mai rufin azara a can cikin lungun Kabara, inda ko babur mai ƙafa uku ba ya shiga, balle motar 'yan kwana-kwana. Hajiya ta taɓa jin labarin motar da ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo, tun ran nan ta ce ba ta yafe wa ɗanta ya sa hannu a wasan mota ba. Don haka da ta tambayi abin da ke cikin jarkokin, sai Gwadabe ya ce kananzir ne na wanke inji. Idon Hajiya ya yi yana, hancinta kuma kullum a toshe da mura. Ta ce Allah ya yi albarka. Yagana tana tsaye a wurin da tsintsiya a hannu. Da suka shiga ɗaki ya ce mata, "Wannan magana tsakanina da ke ce."

Tun daga ranar aikinta ya ƙaru. Ta ɗauke kurfotinta daga gindin bangon soro, ta mayar can ƙarshen gida kusa da rijiya, inda ba inuwa. Ta riƙa jiƙa buhu tana lulluɓe jarkokin, in ya bushe ta sake jiƙawa. Maƙwabciya in ta zo ɗibar garwashi, sai Yagana ta raka ta har bakin ƙofa tana tare kaskon da jikinta. Ita da take 'yar gidan Barebari, wadda ta tashi ta ga ba a kwana sai da turaren wuta, ta kife kaskonta ta tura ƙarƙashin gado, domin ɗakinta bango ɗaya ne da soron.

"Wace irin Babarbariya ce ke, ɗaki ba hayaƙi?" Hajiya takan tsokane ta. "Ko na Barnon ya ƙare ne in aika wa uwarki?"

Yagana sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Ba ta iya doguwar magana da kowa ba, balle da suruka.

Ranar Alhamis da safe ta tarar da Gwadabe a bakin ƙofar ɗaki yana kankare fulogin injin mota da guntun waya. Idonsa ja, bayansa a tanƙware. Ta ajiye masa shayi, ta tsuguna.

"Baban Sa'ida, yaushe za a kwashe su?"

"Bari Asabar ta wuce."

"Waccan Asabar ma haka ka ce."

"To wannan ce ta gasken."

"Ba za su zauna a gareji ba?"

"Masu walda ne a jikin bangonmu. Tartsatsi ɗaya ya faɗa..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya kai kan kurfotinta da ke hayaƙi a bakin rijiya, ya mayar da shi kan fulogin.

Ta dubi hannunsa ta ce, "Wai da gaske yana sa motar gudu?"

Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Injin yana daina ƙwanƙwasa in an matsa masa, wannan kam gaskiya ne. Sauran gudun a cikin kan Umair yake. Dubi nan." Ya nuna mata bakin fulogin, ya yi fari-fari kamar an tsoma shi a toka. "Aikin man ke nan. Duk mako sai na kankare."

"Ka gaya masa mana."

"In gaya masa ya kai motar wajen wani? Rabin masu zuwa garejin nan, jar motar suka gani suka biyo." Ya shanye shayin a tsaye, ya zuba fulogan a aljihu ya fita.

Ranar Yagana ta yi wanki mai yawa. Bayan azahar Sa'ida ta yi barci, Yagana ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta a gefenta. Rabonta da barcin kirki an daɗe, don ko kyanwa ce ta taɓa kwano sai ta tashi ta leƙa soro. Barcin ya ɗauke ta gaba ɗaya. Ba ta ji sallamar kowa ba, ba ta ji kiran la'asar ba. Da ta farka rana ta riga ta sauka daga kan katanga.

Ta yi salla, ta ɗebi ruwa za ta jiƙa buhu. A soro ta ga buhun a ƙasa. Murfin jarka ɗaya a karkace yake, ga tsohon mazurarin Hajiya a jingine da bango, bakinsa a jiƙe.

Hajiya na zaune a tabarma tana jan carbi.

"Hajiya, wani ya taɓa kayan soro?"

"Ni ce. 'Yardada ce ta zo da kwalbarta, wai ko ɗigon da za ta tada gawayi ba ta da shi. Na ce ga shi nan jibge a gidana, ɗana yana wanke ƙarfe da shi, maƙwabciyata tana hura wuta da leda? Na cika mata. In ya dawo ni zan gaya masa, ba ruwanki."

Haka Hajiya Mero take. Gishiri, kanwa, garwashi, ba a taɓa shigowa gidanta da kwano a fita da shi wayam ba. Duk lungun an san haka.

Yagana ta shiga ɗaki ta kira wayar Gwadabe. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A garejin in aka tada injin jar motar, ko kiran salla ba a ji. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka waje ba tare da ya sani ba. Ta dubi Sa'ida da ke barci, ta dubi hasken da ya rage a tsakar gida. An kusa fara ɗora tukwanen dare. Ta zura hijabi.

"Ina zuwa?" in ji Hajiya.

"Gidan 'Yardada. Ga Sa'ida nan, Hajiya."

'Yardada tsohuwa ce mai suyar gyaɗa, gidanta yana bayan masallacin lungun. Yagana ta same ta zaune a kan turmi tana shafa man kaɗanya a goshi. Girarta ta hagu babu ita, bakin ɗankwalinta ya ƙone ya nannaɗe. Gawayi na ci jawur a murhu.

"A'a, amaryar Barno, yau ke ce a waje? Zo ki ga abin da kananzir ɗin mijinki ya yi mini. Ɗan yayyafi na yi, ina ƙyasta ashana sai ji na yi fuu, kamar an watso mini rana a fuska. Ki gaya masa na gode, ya yi mini askin da ban biya ba."

"Inna, ina sauran?"

"Ni da wannan abu kuma? Na ce wannan mai ƙarfi ne, na risho ne, ba na gawayi ba. Bahijja ta shigo tana kukan gas ɗinta ya ƙare, ta fito da tsohon rishonta ba mai. Na ce ɗauki, na gidan Hajiya Mero ne, ba gauraye. Lafiya kike haki haka?"

Yagana ta juya ta fice da sauri.

Bahijja mai jego ce, tana haya a ɗaki ɗaya a wani gida da ke ƙarshen lungu, inda aka yanka tsakar gida aka yi ɗakuna har ba sauran fili. Kowa a bakin ƙofarsa yake girki. Kafin Yagana ta kai sai da ta ratsa ta gaban dattawan da ke zaune a dakalin masallaci. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta gaishe su ba tare da ta ji muryar kanta ba.

Tun daga zaure ta jiyo warin. Rishon yana bakin labulen ɗaki, tukunya a gefe da shinkafa a wanke, kwalbar a kwance ba komai a ciki. Bahijja tana tsugune, jariri a bayanta, tana girgiza kwalin ashana a kusa da kunne.

"Yauwa, Allah ya kawo ki. Kina da ashana? Ƙwaya ɗaya ta rage mini, ita ma ta karye. Na leƙa ɗakin maƙwabciyata Firdausi ba ta nan."

"Kada ki kunna."

"Me?"

"Ba kananzir ba ne."

Bahijja ta dube ta, ta dubi rishon. "Daga gidanku fa aka ce."

Yagana ta tsuguna. Ta ɗauki farin murfin kwano, ta karkata rishon ta ɗiga kaɗan a kai. Ruwan ya fito shuɗi-shuɗi kamar ruwan bula. A cikin koriyar kwalba ba wanda zai lura. Suna kallo ya bushe, ya bar murfin kamar ba a zuba komai ba.

"Kananzir ba ya tafiya haka," in ji Bahijja a hankali.

"Man jirgin sama ne. Ya fi fetur."

Bahijja ta zame ta zauna a ƙasa. Ta kai hannu baya ta dafa kan jaririn, ta bar hannun a wurin. Labulen ɗakinta na leshi yana taɓa rishon in iska ta kaɗa, bayan labulen ga katifa. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Cewa kawai ta yi, "Me ya kawo man jirgi lungunmu, Yagana? Jirgi ne da ku?"

Yagana ta ce za ta aiko mata da tuwo. Ta ɗauki rishon da hannu biyu, nesa da jikinta, ta fito. Ta bi gefen kwata tana kauce wa duk ƙofar da ta ga hayaƙi. Mai tsire ya fara hura wutarsa a bakin lungu, sai da ta juya masa baya ta wuce a karkace. Dattawan dakali suka bi ta da kallo, ɗaya ya ce, "Ikon Allah, matar Gwadabe ce da risho?" Kafaɗunta suka yi tsami kafin ta kai gida.

A soro ta juye man cikin jarka da mazurarin, ta ɗaure murfin, ta zare lagwanin ta binne a yashi. Kunnen Hajiya ba abin da ya same shi.

"Me nake ji ana tsiyayawa? Kyautar da na yi kika je kika karɓo? A gidan nan?"

Yagana ta zo ta durƙusa a bakin tabarma. Maganar da aka ce tsakaninta da mijinta ce, yanzu 'Yardada ta gani a goshinta, Bahijja ta ji da kunnenta. Kafin isha duk lungu zai ɗauka.

"Hajiya, ba kananzir ba ne. Man motar wasa ne. Na jirgin sama."

Carbin ya tsaya. Hajiya ta sa ta faɗi komai, girar 'Yardada, rishon Bahijja, ashanar da ta karye. Da ta gama, tsohuwar ta juyo gare ta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da aka kawo."

"Shi ya sa kika daina turare."

"E."

"Ni kuma ina ta yi miki tsiya." Hajiya ta juya tafin hannunta tana kallo, ko da yake ba gani take sosai ba. "Tashi ki ɗora tuwon. Ki sa da na Bahijja."

Gwadabe ya shigo bayan magariba. Daga yadda ya yi sallama Yagana ta san an tare shi a dakali. Ya tsuguna a gaban mahaifiyarsa, hularsa a hannu.

"Da hannuna na zuba," in ji Hajiya. "Tun kafin a haife ka nake ba maƙwabta abin da suka roƙa. Yau ka sa na raba musu wuta a kwalba."

"Ki yafe ni, Hajiya."

"Ka fitar da shi."

"To. Gobe in Allah ya kai mu."

A ɗaki ya zauna a bakin gado, bai ko cire takalmi ba. Ya ce ta kyauta da ta je, Allah ya tsare. Sannan ya ce jibi ne Asabar. Gareji ga masu walda. Gidan su Umair kuwa ba dama, don mahaifinsa ma bai san da zancen ba. In ta ƙara haƙuri kaɗan, ranar wasa za a zuba kusan rabi, sauran ya san yadda zai yi. Zai sa wa jarkokin kwaɗo da sarƙa, ba mai sake buɗewa.

"Kowa ya ɓoye wa iyayensa," in ji Yagana, "sai aka tara a soronmu."

"Na gaji, Yagana. Wallahi na gaji."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta ja Sa'ida jikinta ta juya fuska bango, bangon da jarkokin ke bayansa.

Da asuba ta tashi ta yi salla. Ta share tsakar gida, ta wanke kwanukan jiya, ta ja ruwa ta cika randa. A gidan ita ce mai hura wutar farko: ruwan zafin Hajiya, ruwan wankan Gwadabe, shayinsa, kokon gida. Ta tsaya a gaban kurfoti da kwalin ashana a hannu. Sannan ta juya, ta shiga ɗakin Hajiya, ta gaishe ta, ta ajiye kwalin a kan cinyarta. Hajiya ta shafa, ta gane ko mene ne. Ta ɗaga matashi ta tura shi ƙarƙashi.

Gwadabe ya dawo daga masallaci ya ɗan kishingiɗa, ya fito da tawul a wuya.

"Ina ruwan?"

"Ga shi a bokiti."

Ya tsoma yatsa. "Da sanyinsa?"

"Ban hura wuta ba."

"Gawayi ya ƙare ne?"

"Akwai."

Ya tsaya yana kallonta. Idonta na ƙasa, amma ta faɗa har ƙarshe. "Ba zan ƙara hura wuta a gidan nan ba suna soro."

"Yagana, mun fa yi magana jiya."

"Kai ka yi."

Ya duba kan taga inda ashana ke zama, ya duba bayan randa. Ya je ƙofar mahaifiyarsa. "Hajiya, ko kin ga ashana?"

"Ni da idon nan me nake gani, Gwadabe?"

"Ko kokonki ba a dama ba fa."

"Na sani. Ina zaune."

Ya watsa ruwan sanyin yana tsaki, ya sa kaya, ya ce ai akwai mai shayi a bakin titi. Ya fita ya ja ƙyaure da ƙarfi, har jarkokin suka amsa.

Gidan ya yi tsit. Hayaƙin maƙwabta ya riƙa tsallako katanga da ƙanshin ƙosai. Sa'ida ta tashi da kuka, Yagana ta ba ta nono, ta goya ta. Hajiya ta fito ta zauna a tabarmarta da cikinta wayam, tana tari. Wannan tarin ya fi komai yi wa Yagana nauyi. Sau biyu ta miƙe kamar za ta je ta roƙi kwalin, ta koma ta zauna. Rana ta hau katanga, ta sauko tsakar gida, ta fara lasar bangon soro.

Sai ta ji kukan tayar kurar ɗaukar ruwa a lungu, da muryar Sule mai ruwa yana cewa a ba shi hanya. Ƙyaure ya buɗe. Gwadabe ne, waya a kunne.

"Ka zo bakin titi ka karɓi kayanka, Umair. A'a, yanzu. Gonarku, ko ka mayar wa mai shi, duk inda ka ga dama. In motar ce ka ɗauke ta, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Yagana ba ta fito ba. Daga inda take ta ji ana jan jarkokin a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta ji Sule yana tambaya ko turare ne a ciki, ta ji tayar ta yi nisa har ta daina jin ta.

Ta ɗebo ruwa da garin sabulu ta wanke soron tun daga bango har dokin ƙofa. Ta fitar da buhun da mazurarin, ta buɗe ƙyaure duka biyu, ta jira har ƙasa ta bushe, ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta je ta durƙusa a gaban Hajiya ta miƙa hannu, Hajiya ta ce ta duba ƙarƙashin matashi. Ta hura gawayi a bakin rijiya, ta ɗora ruwan koko. Da garwashin ya kama, ta shiga ɗaki ta jawo kaskon turarenta daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe shi.